Sawun Ƙafar Hagu

Ranar Talata ce. An wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba sai da hantsi. Ina tsugune a bakin famfo ina ɗauraye zannuwan gadon mutane, sai na ji ihun Gwaggo Mai Kanti daga bayan gida. Ita Gwaggo ihu sana'arta ce ta biyu, ko ɓera ta gani sai unguwa ta sani. Don haka sai da na gama matse zanen da ke hannuna kafin na miƙe.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya. A bayansa akwai ɗan fili da aka kewaye da waya, inda Tsoho Mai Tantabaru yake kiwonsa. Shagon mijina, Kafinta, bango ɗaya ne ya raba shi da filin.

Tsoho yana kwance rub da ciki a bakin ɗakin tantabarun, jini a bayan kunnensa, guntun katako a gefensa. Yana numfashi amma ba ya jin kira. Abin da ya fi tsaya min a rai tantabarun ne. Talatin da ɗaya, duk an murɗe musu wuya. Kuma ba watsar da su aka yi ba. An jera su a ƙasa daga babba zuwa ƙarama, kawunansu duk suna kallon bango.

Direba, maƙwabcinmu na ɗaki na huɗu, ya sa Tsoho a motarsa ya yi asibiti. Mu kuma muka tsaya cirko-cirko muna kallon laka. Sawun takalmin ruwa ne, dogon nan na roba, da faci mai kusurwa huɗu a diddigen dama. Babu wanda bai san takalmin ba. Na ɗana ne.

Gwaggo ta tafa hannu. "To, ai ga shi nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ta juyo gare ni. "Mai Wanki, ke kin fi kowa sanin tabon da sabulu ba ya fitarwa."



*

Dole in faɗi wane ne uban ɗana, tunda a kansa aka kama shi.

Mijina na farko Guduma ake ce masa, kuma ba don sana'a ba. Ba ya shan komai, ba ya caca, haka kawai Allah ya yi shi da son ganin abu yana jin zafi. Ya taɓa karya wa kare ƙafa don ya kwanta a inuwarsa. Ni ma haƙorina na gefe shi ya fasa min shi. An ce ubansa ma haka yake. A ƙarshe ya kashe wani mutum a tashar mota a kan wurin zama, ya mutu a kurkuku lokacin ɗana yana shekara huɗu.

Da yaron ya kai bakwai na auri Kafinta. Mutum ne da idan ya ga tururuwa a kan katako sai ya hure ta kafin ya sa zarto. Unguwa na ce wa yaron Ɗan Guduma, shi kuwa Magajina yake ce masa. Ba zan ɓoye ba, yaron ya taso da zuciya. Idan ransa ya ɓaci jijiyar wuyansa kan tashi irin ta ubansa sak. Kafinta bai taɓa dukansa ba. Sai dai ya miƙa masa samfefa da katako ya ce, "Goge min wannan. Idan ya yi santsi ka zo mu yi magana." Har yau babu benci mai santsi irin namu a duk layin.

Lokacin da abin ya faru ɗana yana da shekara ashirin da huɗu, tare suke aiki a shagon. Kuma kowa ya san sati biyu kafin nan ya ɗaga wa Tsoho murya, saboda tantabaru sun ɓata min fararen kayan mutane a kan igiya.

Ran nan ɗana ya dawo daga sayen ƙusa ya tarar da taro da Saje, ɗan sandan da aka kira. Ya daɗe yana kallon jerin tantabarun nan. Sannan ya kalli ƙofar shago. Saje ya tambaye shi inda yake da hantsi, bai amsa ba. Hannayensa kawai ya miƙa.

Bayan sun tafi na shiga shagon. Maigida yana zaune a kan benci yana tsotsar ƙwayar sukari. A bayan ƙofa na ga shuɗiyar rigar aiki a dunƙule, jini a hannunta, gashin tantabara a aljihu. Rigunan biyu ne iri ɗaya, rana ɗaya na saya musu. Na cusa ta a ƙarƙashin mayafina, na kai bakin famfo, na wanke ta da ruwan sanyi da gishiri har sau uku. Na shanya ta a cikin ɗaki inda ba mai gani.

*

Da azahar wani dattijo ya yi sallama a tsakar gida. Siriri, da sanda, idonsa kullum a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Kawu Mai Sawu ne, aminin Tsoho. Tare suka yi aikin gadin daji shekara talatin, shi ne mai bin sawun ɓarayin shanu da masu harbin namun da aka hana. Babu wanda ya kira shi. Daga asibiti ya taho.

"Wace ce mai wanki a gidan nan?"

Na ce ni ce.

"Ara min bahonki guda shida, 'yata. Waɗanda ba sa yoyo."

Na ɗauka wanka zai yi wa tantabarun. Ashe sawu zai rufe. Ya zaga filin a kan yatsun ƙafa, ya kife baho a nan, ya kife a can, ya ɗora dutse a kan kowanne. Sannan ya samu gindin bango ya zauna.

Gwaggo ta ce, "Kawu, ba za ka duba ba?"

"Ranar tsaka maƙaryaciya ce. Ba ta da inuwa, komai a shafe take nuna shi. Sai ta karkata." Ya nuna mata wuri a gefensa. "Kafin nan ba ni labari. An ce ke kika gan shi."

"Da idona! Ina auna wa wata sabulun gari na hango shi ta taga ya shiga filin. Shuɗiyar riga, dogon takalmi."

"Kin ga fuskarsa?"

"Sai na ga fuska? Ai na san ubansa."

"Ubansa ya shekara ashirin a ƙasa, Hajiya. Da wuya shi kika hango."

Wasu suka yi dariya. Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi ta ce ita dai ta faɗi abin da ta gani, kuma jini ba ya ƙarya.

Da Direba ya dawo, Kawu ya tare shi. Direba yana ɗingishi da ƙafar dama tun wani hatsari, kuma shi ma sun sha yi da Tsoho a kan kashin tantabaru a gilashin mota.

"An ce ka taɓa rantsuwa sai ka soye su duka."

"Kawu, na ce soyewa. Ka ga an soya ko ɗaya? Ni da zan kashe tantabara talatin in bar nama a ƙasa? Tambayi matata, ko ƙashi ba na bari."

"Ina kake da hantsi?"

"A ƙarƙashin mota, ina roƙonta ta tashi."

Da la'asar ta yi sanyi Kawu ya ɗaga bahon farko. Ya kwanta a ƙasa, kuncinsa kusan a laka, ya sa rana a gabansa. Ya daɗe haka. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Da ya tashi sai ya kalli ƙafar Direba, mutane ma suka bi ta da kallo. Na ji wata tana raɗa cewa ashe gurgun ne. Kafin magariba rabin gidan sun koma kan Direba, matarsa har ta fara kuka.

Kawu ya ce, "Ku bar bawan Allah. Mai ɗingishi ya san ƙafarsa na ciwo, yana lallaɓa ta. Wannan ba lallaɓa ba ce." Ya mayar da bahon ya rufe.

*

Washegari da safe Kawu ya ce in raka shi ofishin 'yan sanda. Aka fito da ɗana daga bayan kanta, idonsa ya faɗa.

Na ce, "Ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

Kawu ya tambaye shi ko shi ya yi. Shiru. Ya tambaye shi inda ya bar takalminsa jiya. Shiru. Sai ya ce, "To ɗebo min ruwa a tulun can, maƙogwarona ya bushe." Ɗana ya je ya dawo da kofi. Kawu bai ko kalli kofin ba, ƙafafunsa yake kallo.

A waje Saje ya ce, "Kawu, ina ganin girmanka, amma ga takalmi, ga katako, ga shaida, ga kuma asali. Idan tsohon nan ya cika, jibi kotu."

"Ba ni zuwa la'asar ɗin yau. Ka zo da shi filin, ka zo da takalmin."

A hanya muka biya shago. Maigida yana tsaye a gaban teburin aiki, ya jera ƙusoshin da ɗana ya sayo daga babba zuwa ƙarama. Haka yake yi tun da na san shi.

"Sannu da aiki, Kafinta. Ya muka ji da wannan abu?"

"Wane abu?"

"Yaronka."

"Oho. Allah ya kyauta." Ya jefa sukari a baki. "Mai Wanki, me za a ci da rana?"

Na ji kunya ta kama ni. Na ce wa Kawu tashin hankali ne ya sa shi haka. Kawu ya miƙa masa sandarsa ya ce ya duba ko kanta ya tsage. Maigida ya karɓa da dama. Hagun tana rataye a gefensa kamar ba tasa ba.

Da muka fito Kawu ya tsaya a bakin famfo.

"'Yata, mutum nawa ne ke aiki a shagon nan?"

"Biyu."

"Tun jiya nake jin maganar mutanen gidan nan. Ban ji wanda ya ƙirga ya wuce ɗaya ba. Har ke." Ya juyo gare ni. "Mijinki yaushe ya daina sa takalmi mai igiya?"

Na buɗe baki in ce bai daina ba, sai na tuna. Wata uku ke nan takalminsa na aiki yana ƙarƙashin gado. Silifa yake ja, ko duk abin da ya tarar a bakin ƙofa.

"Me kuma ya canza?"

Na ce babu. Amma tambayar ta bi ni har ɗaki. Sukarin da yake sha kamar yaro, shi da ko a shayi ba ya so. Maɓallin riga da yake sawa a karkace. Ranar da aka yi rasuwa a ɗaki na tara, ana zaman makoki ya fashe da dariya, na ce wa mutane ciwon kai ne. Kyanwarmu da ya hamɓara ta bugu da bango, ya ci gaba da cin abincinsa. Duk na gani. Kowanne na samo masa uzuri na ninke na ajiye, domin mutumin da ya shekara goma sha bakwai bai ɗaga min murya ba, ta ina zan fara zarginsa?

Mu masu wanki muna da alama. Kowane gida da launin zarensa, muna ɗinka ɗan ƙulli a cikin wuyan riga don kada kaya su cakuɗe. Rigunan aikin nan biyu ma na yi musu: ja na ɗana, baƙi na Maigida. Shekara ashirin ina wanki ban taɓa tsoma riga a ruwa ban duba wuyanta ba. Sai jiya. Jiya ban duba ba, don a raina na riga na san mai ita.

Na sauko da rigar daga igiya. Na juya wuyanta.

Baƙin zare ne.

Na zauna a bakin gado da ita a cinyata har aka yi la'asar.

*

Duk gidan ya fito, har da mutanen layin baya. Kawu ya share wani wuri a filin da tsintsiya, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓe shi da tafin hannu har ya yi sumul. Saje ya zo da ɗana da takalmin.

"Kowa zai sa ya taka min nan zuwa can," in ji Kawu. "Hajiya, ke ce babba."

"Ni? Ni da na kawo rahoto?"

"Shi ya sa. Kada a ce an raina ki."

Gwaggo ta tattare zane ta zura ƙafa tana mita, ta yi tafiyar agwagwa zuwa bango. Direba ya ce da ma haka take zuwa kasuwa da an rage mata kuɗin mota. Shi ma ya sa ya taka, damarsa a hankali, hagunsa da ƙarfi. Kawu yana share sabon layi wa kowa. Sannan ɗana ya sa takalminsa ya taka, kansa a ƙasa.

"Ga shi nan!" in ji Gwaggo. "Faci da faci!"

"Ke ma faci kika bari, Hajiya. Takalmi ba shi ne sawu ba. Ƙafar da ke ciki ita ce sawu."

Ya ɗaga baho ɗaya, ya ce Saje ya sunkuya ta inda rana take. Ni ma na matsa. A gaban kowane sawun hagu akwai ɗan zane a laka, tsawon yatsa, kamar an ja cokali.

"Mai wannan ƙafar ba ya ɗaga ta sosai. Ba ciwo take masa ba. Mantawa yake da ita, sai ta biyo shi daga baya. Duba na Hajiya, babu. Na Direba, babu. Na yaron nan, babu." Ya miƙe yana dafa sanda. "Saje, ka gaji da tsayuwa. Kafinta, don Allah miƙo masa benci."

Maigida yana bakin shago. Ya ɗauki benci da hannu ɗaya ya ratsa ta wurin da aka share, silifa a ƙafarsa. Ya ajiye bencin. A bayansa ga zanen nan, ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowace hagu.

Sai ɗana ya ɗaga murya, karo na farko tun jiya.

"Ni ne! Saje, ni na yi. Na ja ƙafar ne da gangan. Ku bar Baba, ba shi da lafiya, ni ne na yi!"

Gwaggo ta ce, "To kun ji da bakinsa."

Saje ya kalli Kawu, ya kalli ɗana. Na ga ransa ya fi kwanciya da wannan, don ta fi sauƙin rubutawa. Ɗan mai kisa ya yi kisa, wa zai tambaya?

Rigar tana ƙarƙashin mayafina. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni tsakiyar fili ba. A dama ga wanda na haifa, a hagu ga wanda ya rufa mana asiri. Na fito da ita.

"Wannan na tsinta a shago jiya da jini a hannunta. Ni na wanke ta, a hukunta ni a kan haka. Duk wanda nake wa wanki a gidan nan ya san alamata. Gwaggo, ke kore ce. Direba, kai ruwan ɗorawa. Ɗana ja." Na juya wuyan rigar na miƙa wa Saje. "Baƙi na mijina ne."

"Inna," in ji ɗana. "Inna, don Allah."

"Yi shiru. Ka ɗauki kayan uba ɗaya shekara ashirin. Ba za ka ɗauki na biyu ba."

Kawu ya matsa kusa da Maigida, ya yi magana a hankali kamar mai tambayar farashin kujera. "Kafinta, me tantabarun suka yi maka?"

"Kuka. Ina awo suna kuka, sai lissafin ya gudu."

"Tsoho fa?"

"Ya tsaya a ƙofa." Ya kalli mutane ɗaya bayan ɗaya, babu tsoro babu kunya a fuskarsa. "Ai na jera su da kyau. Mai Wanki, sukari ya ƙare."

Wani daga baya ya ce a ba su Kafinta. Ɗana ya sha gabansa da ankwa a hannu, jijiyar wuyansa a tashe, amma bai motsa ba. Kawu ya ɗaga sanda.

"Ku saurara. Na taɓa bin sawun wani bijimi da ya soke mai shi. Bijimin da yara ke hawa. Sawunsa haka yake, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa, yana karkata gefe guda. Da aka yanka shi aka fasa kai, sai ga wata jakar ruwa ta danne ƙwaƙwalwar. Ni ba likita ba ne. Amma Saje, kafin ka kai mutumin nan gaban alƙali, ka kai shi a duba kansa."

*

A asibiti aka sa shi a wata na'ura aka ɗauki hoton cikin kansa. Likitar mace ce, ba ta girmi ɗana da yawa ba. Ta ɗora hoton a jikin fitila ta nuna min wani farin abu a bayan goshi, ta dama. Ya fi ƙwan kaza.

"Ƙari ne, Mama. Ya daɗe yana girma. Wurin nan da ya danne, shi ne ke ce wa mutum bari, shi ne ke sa ka ji zafin wani a jikinka. Kuma ɓangaren dama shi ke riƙe da hannu da ƙafar hagu."

"To shi ne ya yi, ko ba shi ba ne?"

"Hannunsa ne. Amma birkin ya tsinke, kuma ba shi ya tsinka ba."

Na daɗe ina juya bakin mayafina kafin na yi tambayar da ta fi ci na. Na ba ta labarin Guduma da ubansa. Na ce, "Likita, mugunta tana bin jini?"

Ta ce ana iya gadon zafin rai kamar yadda ake gadon tsawo, wani yana zuwa duniya da wuta a kusa, wani da nisa. Amma babu jinin da za ta ɗiba ta duba ta ce wannan zai yi kisa. Ta ce hannun da ya rene ka da abin da ka saba yi da fushinka suna cikin lissafin, kuma ko su likitoci ba su gama sanin rabon kowanne ba.

Da na gaya wa Kawu, ya ce, "Ta fi ni ilimi. Ni sawu yana gaya min inda mutum ya taka jiya. Bai taɓa gaya min inda zai taka gobe ba."

Tsoho ya farfaɗo a kwana na biyar. Kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba. Da aka gaya masa wanda ya buge shi, bai yarda ba sai da aka maimaita a kunnen mai kyau. Ya ce, "Wanda ya ƙera min ɗakin tantabarun kyauta?" Ya juya fuska ga bango.

Alƙali ya ce a bar Maigida a asibiti a ƙarƙashin tsaro. Likitoci suka ce ƙarin ya wuce a cire. Wata huɗu ya yi. Ɗana ne ke masa wanka, yana aske shi, yana ba shi abinci a baki. Wani lokaci ya zage shi, wani lokaci ya tofa masa. Sau ɗaya, saura kwana tara ya rasu, ya kalle shi sosai ya ce, "Magajina, ka rufe shago?" Ya ce ya rufe. Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

*

Kwana uku da binne shi, ina bakin famfo, na ji Gwaggo tana gaya wa wata mai sayen ashana cewa ita dama ta daɗe tana zargin Kafinta. Wai shiru-shirun nan ba na Allah ba ne, mugu ne a ɓoye shekara da shekaru. Ɗana yana shigowa da katako a kafaɗa. Ya ji. Ya tsaya. Na ga jijiyar ta tashi.

Ya wuce shago. Jim kaɗan na ji ƙarar samfefa.

Na share hannuna na bi shi. Sabon ɗakin tantabaru yake haɗa wa Tsoho, Kawu ya yi alkawarin kawo guda biyu, mace da namiji. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da na wanke rigar nan, ban duba wuyanta ba. Na ɗauka taka ce."

Bai ɗago ba. "Na sani, Inna."

"Ka sani?"

"Tun ina ƙarami idan an yi ɓarna a layi, fuskata kike fara kallo. Ban ga laifinki ba. Ni ma jira nake. Kullum ina cewa wata rana mutumin nan zai fito daga jikina." Ya hure ƙurar katakon. "Yana nan, ina jin sa. Yanzu ma yana nan. Baba ya ce ba sai na kore shi ba, in dai ba shi aiki."

Ba shi haƙuri ya yi kaɗan, kuka kuma na gaji da shi.

A kan tebur ƙusoshi suna jere daga babba zuwa ƙarama, ban san ko shi ya jera su ba ko tun na Maigida ne bai taɓa ba. Kusa da su akwai ragowar samfefa. Na yagi rabi, na zauna a ɗaya bakin katakon.

"Ba haka ba, Inna," in ji shi. "Ki bi yadda itacen ya kwanta."

Ya kama hannuna ya gyara min. Muka ci gaba da gogewa.